Injin da Aka Yi wa Baba Zacharia Alkawari

Sabon Layi, Mubi
Watan Mayu

Zuwa ga 'yata Na'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, kina kuma riƙe da sallarki a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwar nan tawa da kika sani. An yi ruwan farko, mutanen Kolere sun fara shuka.

Za ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Ai na kira. Abin da nake samu shi ne "to Inna, to Inna, ina cikin aiki," sai ki kashe. Shi ya sa na ba kawunki Maharazu wannan takarda ya ba direban motar shanunsa mai zuwa Ibadan. Idan ta iso tana warin shanu ki daure ki karanta, ki kuma ba direban amsa in zai dawo. Ban kai ki makaranta don ki riƙa amsa mini da "to" ba.

Maganar maƙwabcinmu ce, Baba Zacharia. Ƙodarsa ta ƙara lalacewa. Yanzu kowane mako sai an kai shi Yola an wanke masa jini da inji, kuma kin san hanyar nan. Yana dawowa kamar tsumman da aka matse. Jiya na shiga gaishe shi na tarar da matarsa Margret tana fama ta cire masa takalmi, ƙafar ta kumbura ta cika shi. Duk da haka sai da ya tsokane ni, wai ya ga na fi shi ɗingishi, in zo a wanke mu tare ko a yi mana ragi. Ɗansu Mark ya samo musu ɗaki a Jimeta kusa da asibitin, yana so su koma can gaba ɗaya. Shi kuwa tsohon ya ce ba zai bar gonarsa ta Kolere da damina ba. Ana ta ja.

Ga abin da ya sa na rubuto. Margret ta ji a coci wai akwai wata ƙungiya da take shawarar kawo injin wankin ƙoda nan Mubi, kuma wasu masana a Ibadan aka ba aikin dubawa. Da ta faɗa sai na tuna kin taɓa ce mini aikinki a kan ƙoda ne da hawan jini. Amma ban san ko wannan ɗin ne ba. Abin kunya ne mace ta kasa faɗin aikin da 'yarta take yi. Ke ba likita ba, ke ba nas ba, kullum kina gaban kwamfuta. Ki faɗa mini da Hausar da zan gane: mene ne aikin, kuma da hannunki a maganar injin nan ko babu?

Ki ci abinci. Ki rufe kanki in za ki fita, ko da kin ga wasu ba sa rufewa.

Mahaifiyarki,
Asta

*

Ibadan
Watan Yuni

Inna,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso da warin da komai, har abokiyar aikina Winifred ta tambaye ni ko turaren garinmu ke nan. Lafiyata ƙalau. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya ba Baba Zacharia lafiya. Ki yafe mini maganar waya.

Ƙwarai, aikinmu ne. Ƙungiyar abu ɗaya kawai za ta iya yi cikin biyu. Ko ta kafa injinan wankin ƙoda a wani asibiti da take tallafa wa a Mubi, ko ta tura ma'aikata ƙauyuka su riƙa auna hawan jini da ciwon suga suna ba da magani, a tare ciwon tun bai kai ga ƙoda ba. Ba ta so ta zaɓa da ka, sai ta ce mu tattaro mata abin da aka riga aka gano.

Mu ba ma taɓa marar lafiya. A ƙasashe da yawa an yi bincike a kan irin wannan, an auna abin da aka kashe da kuma shekarun lafiya da aka ƙara wa mutane da shi. Aikinmu mu nemo duk waɗannan takardun, ba waɗanda suka yi mana daɗi kaɗai ba. Kafin mu buɗe ko ɗaya sai da muka zauna da Farfesa, shugaban aikin, muka rubuta ƙa'idoji muka sa hannu: irin binciken da za mu karɓa da irin wanda ba za mu karɓa ba. Ana yin haka tun farko don kada mutum ya ga sakamako tukuna sannan ya ƙirƙiro dalilin jefar da shi.

Daga nan ni da Winifred kowa ta karanta takardun ita kaɗai, ba ta ganin abin da 'yar'uwarta ta yanke. In mun gama mu haɗa. Inda muka saɓa mu tattauna, in mun kasa daidaitawa Farfesa ya raba. Waɗanda suka wuce sai mu ƙara tace su. An sa duk abin da aka kashe, har ruwa da man janareta da motar marar lafiya? An bi mutanen na tsawon lokaci ko an tsaya da wuri? Wurin ya yi kama da namu? Binciken da aka yi a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ba zai faɗa mana abu mai yawa a kan Mubi ba.

A taƙaice dai, ni da Winifred ne muke yanke abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba, kuma muna sa ran gamawa kafin ƙarshen damina, sai mu miƙa rahoto.

Ki gaishe mini da Mama Margret. Ina jin kunyar rabon da in kira ta.

'Yarki,
Na'ima

*

Sabon Layi, Mubi
Farkon Yuli

Na'ima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ruwa yana ta sauka, bangon bayan kicin ya jiƙe, na sa an tokare shi.

Na karanta takardarki. Ga shi kin iya bayani, ashe da gangan kike yi mini "to." Maganar ƙa'idoji da tacewa na bar muku, ku kuka karanta. Abin da na riƙe shi ne ke ce mai yankewa, ke da yarinyar nan, kuma kafin ƙarshen damina. Alhamdu lillahi. Allah ne ya kai ki wannan kujera, ba wayonki ba, kuma bai kai ki don ki zauna kina shan iskar fanka ba.

Ina gama karantawa na ɗauki mayafi na shiga gidan Margret. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, maganar injin a hannun Na'ima take, kafin a girbe dawa za a ji labari. Da kin ga matar nan. Zama ta yi a ƙasa ta ɗaga hannu sama tana yi wa Allah godiya da yarensu. Shi kuwa tsohon ya ce a kira masa Mark nan take. Ina tsaye ya ce masa ya mayar wa mai gida ɗakinsa, ba ya buƙata, inji ne zai zo ya same shi a Mubi. Mark ya yi ta magana a waya, wai a bari a gani tukuna, irin ɗakin nan ba a samunsa kullum. Uban ya ce, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "Yarinyar da na goya a kan keke na kai makaranta, shi ne zai yi mini ƙarya?" Sai Mark ya haƙura. An mayar da ɗakin.

Na kuma faɗa a Islamiyya, ba don alfahari ba, don a sa ki a addu'a.

Yanzu ki saurare ni. Kina da wayo a shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka watse, ba sai an ba ki labari ba. Da mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya kasa tafiya a kan dutse, kin ga mazan da suka wuce mu suna kawar da kai, har da waɗanda muke salla tare. Zacharia ne ya ajiye kayansa ya goya shi a baya har muka tsallake kogi. Margret kuma ta raba mana garin da ta ƙulla a bakin zane. Ba su tambaye mu ƙa'ida ba, ba su ce sai sun tattauna da wani Farfesa ba.

Takarda ba ta da ƙafar da take kumbura, Na'ima. Mutum ne yake da ita. Duk takardar da za ta tsaya tsakanin mutumin nan da injin, ki tuna ke ce a bakin ƙofa. Idan injin nan bai zo ba alhali da hannunki a ciki, ban san da wace fuska zan ƙara shiga gidansu ba, ban kuma san da wace fuska ke za ki shigo nawa ba. Ilimin da bai amfani maƙwabci ba, ranar lahira kaya ne a wuya.

Na aiko miki da yaji da kuka a leda. Ki duba, kada direban ya manta da su a mota.

Mahaifiyarki,
Asta

*

Sabon Layi, Mubi
Watan Agusta

Na'ima,

Sallama. Ba zan tambayi lafiyarki ba, tunda kawunki ya ce direba ya gan ki da idonsa, kin karɓi yaji kin ce a gode mini, takarda kuwa kin ce sai wani zuwan. Wani zuwan ya yi, ya dawo hannu biyu. Na kira, waya tana ringin har ta gaji. Wannan tarbiyyar ba a gidana kika koya ba.

In aiki ne ya yi yawa, to, na fahimta, amma layi biyu ba ya kashe mutum. Kullum da safe Margret takan leƙo ta katanga ta ce, "Maman Na'ima, akwai labari?" Ni kuma in ce ana kan aiki. Na gaji da faɗin haka.

Tsohon ya fara tsallake zuwa Yola. Ruwa ya ɓata hanya, tafiyar tana galabaitar da shi, sai ya ce me zai sa ya kashe kansa a mota alhali inji yana tafe, zai lallaɓa. Wannan makon bai je ba. Fuskarsa ta cika, yana kwana a zaune don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Amma shekaranjiya sai da ya sa aka kai shi gona a mashin ya ga dawarsa.

Ku hanzarta. Ki kuma ba ni amsa.

Asta

*

Ibadan
Ƙarshen Agusta

Inna,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau a jiki. Na ga kiranki duka. Ina kallon wayar har ta yanke, don na san in na ɗauka "to" zan ce.

Inna, ba abin da na rubuta ba ke nan. Abin da ni da Winifred muke yankewa takardu ne, wacce za ta shiga rahoto da wacce ba za ta shiga ba. Ba mu ne masu cewa a kawo inji ko kada a kawo ba, ƙungiyar ce. Abin da za a gama kafin ƙarshen damina rahoto ne kawai. Ko da yau suka ce sun yarda, sai an yi gini, an haƙa rijiya, an tace ruwa, an koyar da ma'aikata. Baba Zacharia ba zai ga injin nan bana ba, da wuya ma baɗi.

Ranar da takardarki ta Yuli ta iso ya kamata in kira ki in faɗi wannan. Na ɗauko lambar Mark ma. Sai na tuna kin faɗa a Islamiyya, na tuna Mama Margret zaune a ƙasa, na kasa. Maimakon in gyara maganarki, sai na shiga ƙoƙarin mayar da ita gaskiya.

Cikin takardun da muka samu, kaɗan ne aka yi a wurare irin namu. Akwai ɗaya da ta fi duka kama da Mubi: ƙananan garuruwa, wuta ba tabbas, ruwa sai an saya. Sun bi injinan shekara da shekaru, suka ga yawancinsu sun tsaya saboda rashin ruwa mai kyau da kayan aiki, marasa lafiya suka koma bin hanya kamar da, bayan an kashe abin da zai ishi ƙauyuka da yawa magani. Takardar ta cika duk ƙa'idojinmu. Na karanta sakamakonta, sannan na rubuta cewa a fitar da ita, wai asibitocinsu ba irin namu ba ne.

Winifred ta ce a shigar da ita. Da muka zo haɗawa na ɗauka za ta ja har mu kai gaban Farfesa, ya kama ni in huta. Sai na ji bakina yana zuba, wai ni 'yar Mubi ce, na san asibitin, na san ruwan garin, ba a haɗa su. Ta dube ni ta ce ita ba ta taɓa wuce Jos ba, tunda garina ne ta bar mini. Ta goge nata ta rubuta nawa. Har ta gode mini.

Yanzu ba takardar a ciki, kuma rahoton ya karkata wajen inji. Ba wanda ya sani. Kin ce in tuna ni ce a bakin ƙofa, na tuna, na rufe ta. Tun ranar ba na iya haɗa ido da Winifred, ita kuma kullum sai ta ɗebo mini abincinta. In na zauna aiki ina tunanin matan ƙauyen Kwaja da hawan jini yake ci ba su sani ba, waɗanda ba mai zuwa ya auna su in wannan rahoto ya wuce a haka.

Ban rubuto don in ɗora miki ba, hannuna ne ya yi. Amma don Allah, Inna, yau ɗin nan ki shiga ki faɗa musu su nemi ɗakin nan. Kada ya ƙara tsallake ko sau ɗaya.

'Yarki,
Na'ima

*

Sabon Layi, Mubi
Watan Satumba

Na'ima,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kina lafiya. Ni gwiwa ta lafa.

Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ki nemo inda na rubuta haka. Tausayi na ce ki yi. Tun kina ƙarama kin taɓa jin na ce ki ɗauki abin da ba naki ba, ko ki ɓoye abin da aka ba ki amana? Shekarar da za ki rubuta jarrabawar fita sakandare, da aka kawo satar amsa iyaye suna rububi, wa ya hana ki? Kika yi kuka kika ce kowa zai ci ke ki faɗi, na ce ki faɗi da mutuncinki. Yau kuma ki ce mini kin yaudari yarinyar da take ba ki abincinta, da sunan garinku?

Wannan na sama na rubuta shi ranar da takardarki ta zo. Na bar shi don ki ga abin da na fara ji. Na ajiye biron, na yi kwanaki ban koma kansa ba.

Ba ni da kwafin takardar da na aiko miki, amma ban manta abin da ke ciki ba. Na yi ta juya maganar ƙofar nan ina neman wata ma'ana da zan ba ta, ban samu ba. In ba abin da kika yi nake nufi ba, to me nake nufi? Ban furta kalmar ba ne kawai, na bar miki ita ki ɗauka, don in ya ɓaci in ce ban faɗa ba, kamar yadda na fara yi a sama. Na kuma haɗa miki da gidana da lahira. Yarinyar da aka ce kada ta shigo gidan uwarta, me ake so ta yi? Na ɗauko takardarki ta farko na sake karantawa a hankali. Komai yana nan a fili. Na yi sakandare, ba karatu ne ya gagare ni ba. Abin da nake so in gani shi na gani.

To amma laifina bai wanke naki ba. Ki tashi ki je. Winifred za ki fara samu, ita kika cuta kafin kowa, sannan ku je wurin Farfesan tare. Ki faɗa yadda ya faru, ba ragi, ba "kuskure aka samu." A mayar da takardar mutane inda take. In suna so su ji daga bakin wadda ta matsa miki, zan rubuta musu da Turanci, ban manta shi ba. In sun kore ki, ki dawo gida. Ƙofar gidana a buɗe take, na janye waccan maganar, Allah ya yafe mini ita.

Kin ce in shiga gidan Margret a ranar. Ban shiga ba. Har yau ban shiga da wannan maganar ba. Na kai musu kunu, na zauna, na buɗe baki, sai tsohon ya ce yaya injiniyarmu ta Ibadan, sai na ce tana gaisuwa. Na dai ce masa ya daina tsallake Yola, ya ce to, bai je ba. Zan faɗa. Ina neman ranar da jikinsa ya ɗan yi sauƙi ne.

Mahaifiyarki,
Asta

*

Ibadan
Watan Satumba

Inna,

Assalamu alaikum. Lafiya lau. Na gode da ƙofa.

Na je. Winifred ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba takardar ce ta dame ta ba, saɓani kullum ana yi. Abin da ya dame ta shi ne an sa mu mu biyu don kowa ta tsare 'yar'uwarta, ita kuma ta saki nata saboda ta yarda da ni. Ta ce ita ma da laifinta, ya kamata ta kai gaba. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Farfesa ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni ko akwai wata bayan wannan, na ce babu. Ya ce ya yarda, amma aikin ba ya tafiya da yarda, don haka duk takardar da na taɓa sai wani ya sake karanta ta daga farko. An cire ni daga aikin, sunana ba zai fito a rahoton ba. Bai kore ni daga ofis ba, ya mayar da ni wani sashe, ya ce zai gani. Ya ce ba sai kin rubuto ba.

An mayar da takardar. Daga abin da na gani kafin in tashi, rahoton zai ce inji a gari irin namu ba ya ɗorewa sai an fara gyara ruwa da wuta, kuma binciken da ake da shi kaɗan ne. Abin da ƙungiyar za ta yi da wannan, ban sani ba.

Inna, jikinsa ba zai yi sauƙi ba sai an wanke shi. Ranar da kike jira ba za ta zo ba. In direba ya dawo ban ji kin shiga ba, zan kira Mark da kaina. Na fi so su ji daga bakinki.

'Yarki,
Na'ima

*

Sabon Layi, Mubi
Watan Oktoba

'Yata Na'ima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kina kuma yin aikin da aka mayar da ke da zuciya ɗaya. Kada ki raina shi. Ruwa ya ɗauke, ana shirin girbi.

Ba sai kin kira Mark ba. Ina gama karanta takardarki na shiga, ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Na tarar da Margret tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, tsohon yana kujera an tokare shi da filo. Ban zauna ba. Na ce inji ba ya zuwa, ba bana ba, wataƙila ba ko yaushe ba. Na ce ba ke kika faɗa ba, ni na karanta abin da ba a rubuta ba na kawo musu. Na faɗa musu abin da na sa kika yi da abin da ya jawo miki.

Margret ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Can ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na so in ce yau. Na ce tun ƙarshen Agusta.

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙafafun mijinta, ta koma kan gyaɗarta. Duk zuwan da bai yi Yola ba tun daga lokacin, ina shigowa da kunu ina fita, ta san su ɗaya bayan ɗaya, ni ma na san su. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Tsohon ne ya yi magana, da ƙyar, yana hutawa tsakani. Ya ce, "Maman Na'ima, yarinya ya yi daidai da ya mayar. Kai ne bakinka ya yi sauri. Ni kuma kunnena ya yi sauri, don ina son gona." Ya yi dariya, tari ya kama shi. Ya ce in gaya miki kada ki yi kuka a kansa, ki yi aikinki.

Ɗakin nan an ba wani tuni. Mark ya zo washegari ya kwashe su zuwa falonsa a Yola, can nesa da asibitin, ana neman wani ɗakin. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, bai ƙara ko kalma ba. Suna isa aka ba tsohon gado. Likita ya ce ruwa ya taru masa a ƙirji kuma zuciyar ta wahala, da an kawo shi da wuri da ba haka ba. Ana wanke shi, ya fara kwanciya a kwance. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma daga bakin kawunki na ji, shi ya kira Mark. Na ce a tura yaran kawunki su girbe musu dawa, Margret ta aiko cewa mutanen coci za su yi.

A Islamiyya na tashi na faɗa da bakina, tunda a nan na yaɗa. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun ji daɗi. Ban ga laifinsu ba.

Tun da muka zama maƙwabta, duk tafiyar da Margret za ta yi, ko ta kwana ɗaya ce zuwa Michika, ni take miƙo wa makullinta ta katanga. Wannan karon ta tsallaka titi ta kai wa maƙwabciyarmu Sadiya. Ina tsaye a ƙofar gida na gani. Ta ɗaga mini hannu da mota za ta tashi, ni ma na ɗaga.

Ki rubuta mata, da hannunki, ba a waya ba. Ki gaishe da tsohon, ki ba shi labarin Ibadan, yana son labari. Kada ki roƙa mini gafara a ciki, wannan aikina ne, kuma ban kai ga roƙonta ba tukuna.

Sadiya ba ta tashi da wuri. Da safe ina jin akuyoyin Margret suna kuka a bayan katanga, sai in taka turmi in jefa musu harawa ta sama. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya sani sai ke.

Mahaifiyarki,
Asta